Garin Ƙwallon Mangwaro Da Na Ɓawon Lemo: Abin Da Ke Cikinsu Na Amfanin Jiki

Duk wanda ya bi ta kasuwar Bakin Dogo a Kaduna cikin watan Afrilu, ko ya je Kawo ran Talata, ya san yadda mangwaro ya ke yi wa gari. Motoci suna sauke shi kwando-kwando, wani daga jihar Binuwai, wani daga ƙauyukan jihar nan. A Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki kuwa ba sai an saya ba, gama akwai tsofaffin itatuwa cikin gidaje suna zubar da shi dare da rana. Yara su sha su jefar da ƙwallo a kwata, masu yanka 'ya'yan itace a bakin titin Ahmadu Bello su tara ɓawo cikin buhu, da yamma a kwashe a kai juji. In hunturu ya zo lemo ya karɓi girki, haka nan za a yi da ɓawonsa.

Ga shi kuwa a cikin garin nan ne mai kiwon kaji ya yi ta kuka da tsadar masara. A 2023 da 2024 kuɗinta ya hau har waɗansu suka sayar da kajinsu suka rufe akurki. Saboda haka ya kamata a duba ko cikin abin nan da a ke zubarwa akwai abinci. Masana sun auna shi a ƙasashe da yawa, har da jami'o'in Nijeriya. Amsar da suka bayar ita ce akwai, amma ba ɗaya ba ne. Wani garin yana iya tsayawa kusa da masara, wani cika ciki kawai ya ke yi, wani kuma in ba a gyara shi sosai ba yana kashe mutum.

Abin ba baƙo ba ne

Kafin a je ga mangwaro, a tuna da ɗorawa. Mai yin daddawa kalwa ta ke nema, watau 'ya'yan da ke ciki. Rawayan garin nan da ya lulluɓe kalwar, a wurinta saura ne, har waɗansu sukan kai rafi su wanke shi ya bi ruwa. Amma tun kaka da kakanni mata masu tattali sukan daka ɗorawa su tankaɗe garin su ajiye, a dama shi a sha, ko a zuba a kunu lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da aka auna shi sai aka tarar fiye da rabinsa sukari ne da danginsa masu ba da ƙarfi, ga kuma bitamin C. Ko kwasfar ma ba a yar da ita ba, da ita a ke yin makuba ta daɓe da shafe katanga.

Haka kuka. Farin garin da ke cikin 'ya'yanta, wanda masu tallan nono su ke damawa, ya ninka lemo sau da yawa wajen bitamin C. A 2008 ƙasashen Tarayyar Turai suka yarda a riƙa sayar da shi a kasuwanninsu, yanzu ga shi can a kantuna cikin leda mai ado. To, wanda ya san garin ɗorawa ya riga ya san rabin wannan darasi. Sauran rabin shi ne, itatuwan da suka zo daga baya, irin su mangwaro da lemo da abarba, ba a gāji dabarar sarrafa sauransu ba, sai an koya.

Abin da a ke aunawa

In an kai gari ɗakin gwaji, abu huɗu a ke fara dubawa. Na farko sitaci da sukari, su ne ke ba da ƙarfin aiki, su suka fi yawa a tuwo. Na biyu abin da ke gina jiki, wanda masana ke kira furotin, shi ya yi yawa a wake da gyaɗa da nama. Na uku mai. Na huɗu kuwa wani ɓangare ne da cikin mutum ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin dusa, sunansa faiba. Bayan waɗannan sai bitamin da gishirin jiki, waɗanda kaɗan a ke bukata.

Don a sami ma'auni, a riƙe wannan: cikin kashi 100 na busasshiyar masara, wajen kashi 9 furotin ne, wajen 4 mai, fiye da 70 kuma sitaci. Wake yana da furotin wajen kashi 24, waken suya kuwa ya kusa 40. Da waɗannan za a gwada sauran.

Ƙwallon mangwaro

Wannan shi ne babba a cikin al'amarin, shi ya sa za a daɗe a kansa. In aka fasa ƙwallon mangwaro za a ga wata farar ƙwaya a ciki mai kamar ƙoda, lulluɓe da siririn mayafi. Ita ce abincin da itacen ya tanadar wa tsironsa. In ta bushe, wajen kashi 70 cikin 100 sitaci ne da danginsa, mai yakan kama daga kashi 7 zuwa 13, furotin kuwa daga 6 zuwa 10, gwargwadon irin mangwaron da ƙasar da ya fito. Watau wajen sitaci ta yi kusa da masara, wajen mai ta ninka ta, wajen gina jiki kuma ba ta fi ta ba. Wanda ya ce garin ƙwallon mangwaro zai maye wake ko ƙuli-ƙuli ya yi kuskure. Ɗan'uwan hatsi ne.

Man da ke cikinta yana da wani labari. Mai ne mai daskarewa, kamar man kaɗanya. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yi doka ta lissafta mai iri shida da ta yarda a sa cikin cakulan har kashi 5 cikin 100 a madadin man koko. Cikin shidan nan akwai man kaɗe, akwai kuma man ƙwallon mangwaro. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman mangwaro, ta daɗe tana tara ƙwallo daga masana'antun matse ruwansa tana fitar da man. Abin da yaro ya ke wasan jifa da shi a Badarawa, a can da kuɗi a ke sayensa.

To, me ya hana a ci shi haka nan? Duk wanda ya taɓa ɗanɗana ƙwayar ya san amsa: bauri. Baurin nan kuwa daga wani abu ya ke zuwa mai suna tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema ke jima da ita. Yadda bagaruwa ke kama fata ta ƙandare ta, haka tanin ya ke kama furotin a cikin ciki ya hana jiki amfani da shi, ya kuma tare baƙin ƙarfen da jini ke bukata. Har wa yau akwai ɗan kaɗan na irin dafin da ke cikin rogo mai ɗaci. An gwada ba 'yan tsaki ɗanyen garin da yawa, sai suka rage ci, suka tsumbure. Sa'ar da aka yi ita ce, duka biyu ruwa da wuta suna rage su ƙwarai.

Ga yadda a ke yi. A tara ƙwallo, a wanke sauran naman da ya manne masa, a shanya kwana ɗaya ko biyu don ɓawon ya yi saukin fasawa. A fasa da wuƙa mai kauri, a yi hankali da yatsu, gama ƙwallon yana da santsi. A cire ƙwayar, a ɓare mayafin. Duk wadda aka tarar ta yi baƙi, ko ƙwaro ya shige ta, ko ta fara wari, a yar da ita nan take, kada a ce asara ce. Sa'an nan a yanka ƙanana-ƙanana, kamar yadda a ke yanka kuɓewa za a shanya, domin ruwa ba ya ratsa ƙwaya sukutum.

A jiƙa cikin ruwa mai yawa, a riƙa zubarwa ana sakewa safe da yamma. Ruwan farko zai fito ja-ja, wannan shi ne tanin ɗin ya ke fita. A ci gaba kwana biyu ko uku har ruwan ya daina rina, in an taɓa da harshe kuma ba a ji bauri ba. Ranar da aka manta ba a sake ruwa ba cikin zafin bazara, abin zai yi tsami ya fara ruɓa, saboda haka wanda ba shi da sukunin lura gara ya bari. Bayan jiƙo a tafasa kamar rabin sa'a, a zubar da ruwan, kada a ba dabba shi. A baza a rana a kan tabarma ko kwanon rufi mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa juyawa. Alamar bushewa ita ce in an karya ya ɓalle ƙas, bai lanƙwasa ba. Daga nan sai turmi ko injin niƙa, sai tankaɗe.

Wajen kiwo, a fara da kaɗan. Mai haɗa abincin kaji da kansa ya cire mudu ɗaya daga cikin kowane mudu goma na masara, ya sa garin nan a gurbinsa, ya lura da cin kajin da kashinsu har mako biyu. Manyan kaji sun fi 'yan tsaki jurewa, saboda haka kada a ba tsakin da bai yi wata ba. Sauran kayan haɗi, irin su waken suya da ƙuli-ƙuli da garin ƙashi, a bar su yadda su ke, tun da abin da aka sake hatsi ne kaɗai. Tumaki da awaki da shanu sun fi kaji iya narkar da shi. Mai turken ragon layya yana iya gauraya kashi ɗaya cikin goma da dusa, ya ci gaba da ba da harawarsa. In ana son shawara a kan haɗin, akwai cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ta malaman gona da ke Samaru, duka a Zariya, tafiyar sa'a guda ce daga tashar Kawo.

Wajen mutane kuwa, a Indiya akan gauraya garin da na alkama a yi waina irin tasu. Masu gwaji sun ga in aka sa kashi ɗaya cikin goma a biskit ko cincin ba a cika gane bambanci ba, in ya yi yawa kuma sai abin ya yi duhu ya yi ɗaci. Burodi ya fi wuyar sha'ani, domin danƙon da ke sa shi tashi a alkama kaɗai ya ke. Masu gidan burodi da suka ga lokacin da gwamnati ta ce a riƙa sa garin rogo kashi goma cikin ɗari, a 2005, sun san wannan magana.

Abin da ya faru a Odisha

Kada mai karatu ya ɗauki gargaɗin nan da wasa. A jihar Odisha ta gabashin Indiya, talakawan da ke zaune a duwatsu sukan ajiye ƙwallon mangwaro don damina, lokacin da shinkafa ta ƙare, su yi kunu da shi. A 2001 mutum wajen ashirin suka mutu a yankin Kashipur bayan sun sha irin wannan kunu. A watan Nuwamba na 2024 abin ya sake faruwa a wani ƙauye mai suna Mandipanka, a gundumar Kandhamal, mata suka rasu, waɗansu aka kwantar a asibiti. Hukuma ta ɗora laifin a kan gurɓacewar abincin, ta ce an ajiye kunun ya kwana har ya lalace. Masu sukar hukuma suka ce yunwa ce ta kai mutanen ga shansa tun farko. Kowanne daga cikinsu yana da gaskiyarsa. Abin da ya shafi manomin Kaduna shi ne, mutanen nan sun gāji cin ƙwallon mangwaro, duk da haka danshi da ajiya suka ci su.

Wannan kuwa ya faɗo daidai kan matsalar garin nan. Mangwaro yana nuna ne daga Maris zuwa Yuni, ruwan sama kuma yakan fara sauka a Kaduna cikin Afrilu, ya zauna sosai a Mayu. Watau lokacin da ƙwallo ya fi yawa, lokacin ne shanya ta fi wuya. Abin da ya kwana uku da laima sai ya yi fumfuna, waɗansu irin fumfunar kuwa suna haifar da dafi mai suna afalatoksin, mai lalata hanta. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Tafasawa ba ta kashe wannan dafi, niƙa kuma ɓoye shi kawai ta ke yi. Saniyar da ta ci shi yana fita a nononta. Saboda haka aikin ƙwallon mangwaro na farkon kaka tasa ne, Maris da Afrilu, sa'ad da rana ke da ƙarfi. In damina ta kankama, wanda ba shi da rumfar leda ko wani abin busarwa ya haƙura sai baɗi.

Ɓawo

Garin ɓawo wani abu ne dabam, kada a haɗa shi da na ƙwallo. Busasshen ɓawon mangwaro rabinsa ko fiye faiba ne. Yana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido, da bitamin C. Ɗanyen ɓawon lemo ya fi naman lemon bitamin C fiye da ninki biyu, yana kuma da alli mai ƙarfafa ƙashi. Masu talla sukan kama wannan su yi ta kirari. Abin da ba su faɗa shi ne, bitamin C ba ya jure zafi, rana mai ƙarfi kuma tana cinye na A. Ɓawon da ya kwana huɗu a kan kwalta ya rasa yawancinsu. Wanda ya ke son su tsira sai ya yanka siriri ya shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Faiba tana da amfani ga babban mutum. Tana sa bayan gida ya zo da sauƙi, tana kuma rage gaugawar shigar sukari cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 baligi ya riƙa samun aƙalla giram 25 kowace rana. Malamin ofis da ya koma burodi da farar shinkafa da taliya shi ya fi bukatarta, cokali guda cikin kunu ko fura ya isa. Manomin da ke cin tuwon dawa da miyar kuka da wake ya riga ya sami tasa. Ba magani ba ne, mai ciwon sukari kada ya bar abin da likita ya ba shi saboda garin ɓawo.

Yaro kuwa a tsare shi daga wannan gari. Cikin ɗan yaye ƙarami ne, in aka cika shi da abin da ba ya narkewa sai ya ƙoshi alhali bai ci kome ba, ya yi ta ramewa uwa tana mamaki. Kununsa gyaɗa ya ke so, da waken suya, da ɗan manja ko madara.

Akwai kuma maganar abin da ke manne a jikin ɓawo. Maganin feshi a can ya ke zama. Waɗansu 'yan kasuwa suna nunar da mangwaro da ayaba da kabaid, irin na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta hana, ta kuma sha yin gargaɗi a kansa. Ɓawon irin wannan kaya bai kamata ya shiga cikin mutum ko dabba ba. Ɓawon da za a yi garin ci da shi sai na itacen da aka san asalinsa, a wanke kafin a fere. Wanda aka tsinto a juji, ko wanda baki ya riga ya taɓa, ba ya cikin lissafi. Waɗansu mutane kuma ƙaron mangwaro yakan sa musu ƙaiƙayi da kumburin leɓe, su ma su nisanci garin.

Inda ɓawon lemo ya fi amfani shi ne wurin shanu da tumaki. A masana'antar matse lemo kusan rabin nauyinsa saura ne, ɓawo da tuƙa da 'ya'ya. A jihar Fulorida ta Amurka an fara busar da wannan saura ana ba shanun tatsa tun wajen 1930, Burazil ma tana yi har tana sayar wa Turai. Tumbin saniya yana narkar da shi ya ba ta ƙarfi kusa da na hatsi, sai dai furotin ɗinsa bai wuce kashi 6 ko 7 ba, tilas a haɗa da angurya ko harawa. Kaji ba su son sa, yana da ɗaci, faibar kuma ta yi musu yawa. A Kaduna mai sayar da lemo koren bayan kaɗai ya ke ferewa, shi ne kuwa mai yawan mai da ɗaci, wanda mata ke busarwa su turara don korar sauro. Farin ciki da tuƙar su ne abincin dabba, ana samunsu a shagunan da ke matse lemo da inji da kuma manyan masaukai. Lemo yana da wata fa'ida a kan mangwaro: kakarsa tana haɗuwa da hunturu, iskar da ke busar da kome cikin kwana uku, lokacin kuma da ciyawa ta ƙare.

Sauran

Ɓawon abarba sukari ne da faiba, furotin kaɗan ƙwarai. Yana saurin tsami, masu zoɓo kuma sun riga sun san abin da za su yi da shi. Ɓawon ayaba ya kai sulusin nauyinta, yana da gishirin nan irin na toka wanda ya sa Yarbawa su ke ƙona ɓawon agada su yi sabulun salo. Akuya tana cinsa ɗanye, ba sai an wahala da niƙa ba. Ɓawon kankana fiye da kashi tara cikin goma ruwa ne, shanya shi ɓata tabarma ne, a miƙa wa dabba haka nan.

'Ya'yan kankana su ne abin da a ke rainawa alhali sun fi duka. 'Yan'uwan agushi ne. In an ɓare su, wajen kashi 28 furotin ne, mai kuma ya kusa rabi. A cikin duk abin da aka lissafta a nan su kaɗai suka isa a ce musu abinci mai gina jiki. A wanke, a shanya, a soya sama-sama, a daka a zuba a miya. 'Ya'yan gwanda kuwa a bar su. An gwada su a kan dabbobi an ga suna rage haihuwar namiji, bai kamata a mai da su garin ci kullum ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Wanda ya ke tunanin mai da wannan sana'a ya ɗauki alƙalami tukuna. A ce an sha mangwaro kilo 100. Ƙwallon zai kama wajen kilo 15 zuwa 20. In an fasa, ƙwayar wajen rabi ce ko fiye kaɗan. In ta bushe ta zubar da ruwanta, aka kuma cire ruɓaɓɓu, abin da zai rage bai fi kilo biyar ko shida ba. Lemo kilo 100 da aka matse yana barin saura kilo 50, wanda kashi huɗu cikin biyar ruwa ne, watau busasshe wajen kilo 10.

Daga nan za a ga abu biyu. Na ɗaya, ɗaukar ɗanyen ɓawo a mota daga kasuwar Sheikh Gumi zuwa gona a Mando ko Afaka biyan kuɗin dakon ruwa ne. A shanya kusa da inda a ke samunsa, a ɗauki busasshe. Na biyu, kayan kyauta ne amma aikin ba kyauta ba ne. Akwai ladan masu tarawa, da fasawa ɗaya-ɗaya da hannu, da ruwan jiƙo, da itacen tafasawa, da kuɗin niƙa. A haɗa su duka a raba da yawan mudun da aka samu, sa'an nan a tambayi kuɗin mudun masara a Kawo a wannan makon. In garin bai fi masara araha da rata mai kyau ba, babu riba, domin mai kaji ba zai bar abin da ya sani ya sayi baƙo a kuɗi ɗaya ba. Shekarar da masara ta yi tsada lissafin yakan fita, shekarar da ta faɗi yakan ƙi. Wanda abin ya fi yi wa daɗi shi ne mai itatuwa a gida da 'yan dabbobi a bayan ɗaki, wanda iyalinsa za su yi aikin da hannunsu.

Wajen ajiya, garin ƙwallo yana da mai, mai kuwa yakan yi ɗaci in ya daɗe da niƙa. Gara a ajiye busassun gutsattsarin, a riƙa niƙa na mako biyu-biyu. Don a tabbatar sun bushe, a zuba kaɗan cikin busasshiyar kwalba tare da cokalin gishiri busasshe, a rufe a girgiza, a bari ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar rana. In bai manne ba a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke ajiye wake, a ɗaure tam, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Mai son ƙullawa a leda ya sa suna ya sayar wa mutane su ci, doka ta ce sai ya yi rajista da NAFDAC, wadda ke da ofis da ɗakin gwaji a Kaduna. Kafin ya kashe kuɗi a kan leda da tambari, ya fara kai samfurin garin a auna masa laimarsa da fumfuna.